Igiyar Nomau da Birnin Nauyi

A ƙarƙashin ƙauyen Dogon Marke akwai wani birnin aljanu da ba a shigarsa ta ƙofa, sai ta rijiya. Mutum ɗaya na sani da ya shiga ya fito, shi ne Nomau mai haƙar rijiya, kuma shi ma ba birnin ya je nema ba, ruwa ya je nema.

Nomau yana da hali biyu da suka ishi mutanen gari. Na farko tambaya. In ya ga bakan gizo sai ya tsayar da kai ya ce ka gaya masa dalilin da ja yake sama kore yake tsakiya. Na biyu doguwar gaisuwa. In ya tare ka a hanyar kasuwa, to ka haƙura da cinikin safe, don sai ya tambayi lafiyar iyalinka da awakinka da ciwon ƙafar da kakarka ta yi bara.

Wajen tambaya Allah ya yi masa gata, ya ba shi 'ya mai suna Zuwaira, wadda ke karatun kimiyya a jami'a, ɓangaren da suke kira fiziks. Duk hutun da ta zo sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ce, "Zo ki ba ni na bana." Ita ta gaya masa hasken tauraro yakan daɗe a hanya, har mai yiwuwa tauraron ya mutu kai kana kallon haskensa. Ita ta ce haske yakan lanƙwashe in ya bi ta kusa da abu mai nauyi, kuma akwai wasu ƙananan halittu da ba a iya cewa ga inda suke sai an dube su. Nomau ya ji daɗin waɗannan duka, amma wadda ta zauna masa a rai ita ce wata da ta zo masa da ita daga baya.

Ta ce, "Baba, ka san lokaci ya fi tafiya a hankali a gindin rijiya fiye da bakinta?"

Ya ce, "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah. Ni da nake kwana ina tashi a rijiya?"

Ta ce, "Kaɗan ne ƙwarai, ko agogon hannu ba zai gane ba. Amma duk inda nauyi ya fi yawa, lokaci yakan ja ƙafa."

Arzika yana gefe yana murza igiya, sai ya ce, "Yau na ji dalili. Shi ya sa har yanzu ba ka yi hankali ba, rabin rayuwarka a rami ka yi ta."

Wannan Arzika taubashin Nomau ne, kuma shi ke riƙe masa igiya tun suna samari. Rana ɗaya aka haife su, ungozomar da ta san wanda ya riga faɗowa ta rasu ba ta faɗa wa kowa ba. Tun daga nan kowanne yake cewa shi ne babba, kuma ko a mafarki ɗaya bai taɓa kiran ɗaya Yaya ba.

Aikin nasu yana da ƙa'ida. Na ciki yana ɗaure da igiya a ƙugu. In ya ja sau ɗaya, yana cewa lafiya nake. In ya ja sau biyu, a fitar da shi. Mai igiya kuwa ba ya barin bakin rijiya sai na ciki ya fito. Gari ma yana da tasa al'ada: rijiyar da ta haɗiye mutum, in an rasa yadda za a ciro shi, sai a yi masa salla a bakinta a cike ta da ƙasa, ta zama kabarinsa.

To, wata shekara rani ya yi tsanani, rijiyoyin Dogon Marke suka ƙafe, Mai Gari ya sa su haƙa sabuwa a bayan gari. Suka haƙa, suka haƙa, suka wuce jar ƙasa, suka wuce farar laka, babu ko danshi. Ran nan da hantsi Nomau ya ɗaga dagi ya buga, sai ƙasan rijiyar ya fashe kamar ƙwarya, ya zurma.

Bai faɗi da ƙarfi ba. Ya sauka a hankali a kan wani baƙin yashi mai laushi, a wani fili da ba ya da iyaka. Ya shafa ƙugunsa ya ji igiya tana nan, kuma duk inda ya taka sai ta ƙara tsawo ta biyo shi. Ya ɗaga kai ya hango bakin rijiyar can sama, ƙarami kamar idon kaza. Abin mamaki, idon yana ƙiftawa: ya yi haske, ya yi duhu, ya yi haske, ya yi duhu.

Nomau yana kallo, sai maganar Zuwaira ta faɗo masa. Wato kowace ƙiftawa wuni ne da dare a Dogon Marke. In ya yi wasa a nan, kafin ya koma an cike rijiya da ƙasa, ya zama mamaci da ransa. Ya ja igiya sau biyu, amma ta ƙi ɗaukar ja na biyu, sai ta saki kamar zaren da bai ɗaure da komai ba. Ja ɗaya kawai ta karɓa.

Yana cikin wannan sai ya hango wani mutum a gabansa, ya ba shi baya, da hula mai faci da igiya a ƙugu. Nomau ya yi murna ya ce, "Salamu alaikum, bawan Allah! Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya mutanen gida?" Mutumin bai juyo ba. Nomau ya matsa, shi ma ya matsa. Ya ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Sai da ya gama tambayar lafiyar yara da dabbobi sannan ya lura facin hular irin na tasa ne, ɗinkin matarsa Kande. Ashe haske ne ya lanƙwashe ya zagayo ya nuna masa bayansa.

Ya ce, "Ashe haka ƙeyata take? Shi ya sa Arzika yake dariya in na wuce." Ya duba sama ya ga kwanakin da ya ɓata wajen gai da kansa, ya ji haushi, ya kama hanya.

Bai yi nisa ba ya iske ganuwar birni mai ƙofa biyu. A kowace ƙofa akwai wani abu kamar hayaƙi a tsaye riƙe da mashi. Da ya tsura wa ta dama ido, sai hayaƙin ya dunƙule ya zama wani dogon aljani mai rawani, na hagun kuwa ya ɓace.

Aljanin ya ce, "Aminci ya tabbata gare ka, ya kai bil'adama. Ni ne Sarkin Ƙofa na Birnin Nauyi. Ina tsaron ƙofofin nan biyu a lokaci guda, har sai wani mai ido ya dube ni ya tilasta mini zaɓar ɗaya. Ka gajiyar da ni, amma baƙo ba ya laifi. Ina gajiyar hanya?"

Nomau ya ce, "Babu gajiya, ranka ya daɗe."

"Yaya ka baro sama?"

"Lafiya lau."

"Yaya rana? Tana nan tana fitowa?"

"Tana nan, alhamdu lillahi."

"Yaya iyali? Yaya tururuwan gonarka? Yaya tsutsar da ke cikin rumbunka?"

Nan Nomau ya gane ya gamu da waɗanda suka fi shi. Yana amsawa yana satar kallon sama, ya ga ƙiftawar ta ƙara sauri, don nan ya fi kusa da tsakiyar birni. Amma ina zai iya katse wa babba gaisuwa? Bakinsa da kansa yake cewa lafiya lau, har ma ya ji ya mayar da tambaya, ya ce yaya tsaron ƙofa. Da ƙyar aka kai ƙarshe, ya ce, "Ranka ya daɗe, gida nake so in koma. In na daɗe za a rufe mini hanya."

Sarkin Ƙofa ya ce, "Wanda ya taka yashinmu ba ya juyawa sai ya gai da Sarki. Igiyarka ma ta san wannan, shi ya sa ta ƙi ɗaukar kiran fita. Shiga, fada tana tsakiyar gari."

Ya shiga, ya ratsa ta wata kasuwa inda ba a kasa komai sai tuluna rufaffu. Wata tsohuwar aljana mai gashi har ƙasa ta tare shi da ƙoƙon ruwa ta ce, "Baƙo ba ya wuce rumfata da ƙishi." Ya tsuguna ya sha, don ba a mayar da ruwan baƙo. Sai tambayarsa ta motsa, ya ce, "Iya, mene ne a cikin tulunan nan?"

Ta ce, "Tsohon haske ne, ɗana. Duk hasken da ya faɗo mana daga sama mukan tare shi mu adana." Ta buɗe ɗaya, wani shuɗin haske ya fito ya cika rumfar. Ta ce, "Wannan na wani tauraro ne da ya mutu tun kafin a kafa garinku. Shi ya tafi, haskensa bai ji labari ba, yana ta tafiya."

Nomau ya manta da kansa don daɗi. Ya ce a ransa, ina ma Zuwaira tana nan. Sai tsohuwar ta jawo wani ƙaramin tulu ta ce, "Wannan kuwa ta ramin da ka fasa ya zubo." Ta buɗe, ya leƙa.

Ya ga bakin rijiyarsa. Ya ga mutanen gari sun taru da shebur da kwanduna, Mai Gari a gaba, liman a gefensa. Ya ga Kande ta rufe fuska da mayafi. Ya ga Arzika zaune daram a bakin ramin, ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ya miƙe ƙafa, yana girgiza kai. Babu sauti, amma Nomau ya san wannan girgiza kan, ya sha ganinta tun suna yara.

Ya ce, "Iya, sun cike ta?"

Ta ce, "Ina zan sani? Hasken nan ya kwana biyu. Abin da ya wuce yake nunawa, ba abin da ake ciki ba."

Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya kama igiya ya ja sau ɗaya da duk ƙarfinsa, ya yi wa tsohuwar godiya a taƙaice, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya nufi fada.

Hanyar fada ita ce mafi wuya. Kowane taku ƙafarsa tana ƙara nauyi, hularsa ta danne masa kai kamar ya ɗauko dutsen niƙa. Da ya duba sama, bakin rijiyar ya daina ƙiftawa, dare da rana sun cakuɗe sun zama toka-toka don sauri. Da rarrafe ya shiga zaure.

Sarkin Birnin Nauyi, wanda ake kira Dunƙule, wani ɗan guntun tsoho ne mai faffaɗan gemu. Yana zaune a kan wani baƙin dutse da bai fi goro ba. Fadawa suka ce wa Nomau dutsen nan ya fi dukan duwatsun duniya nauyi, shi ke jan lokaci yana riƙe shi a birnin.

Sarki ya ce, "Marhabin da baƙon sama. Ka sani, ya kai ɗan Adam, gaisuwar fadarmu ba a yanke ta. Za mu tambaye ka lafiyarka, da ta ubanka, da ta kakanka, mu bi su ɗaya bayan ɗaya har mu kai kan Annabi Adamu. Kai ma ka tambayi namu. Bayan nan ka ba mu tsarabar da ka kawo, sannan mu sallame ka. Ina gajiya?"

Nomau ya ce, "Babu gajiya, Allah ya ja zamanin Sarki." Yana faɗa yana jin kamar ya yi kuka. Ya san in aka bi kakannin nan a zaune a gindin wannan dutse, ko jikokin Zuwaira ba zai tarar ba. In kuma ya katse wa Sarki magana, ya yi rashin kunyar da bai taɓa yi ba, kuma igiya ba za ta ɗauke shi ba.

Sai ya tuna da Arzika. Shi kaɗai ne a Dogon Marke doguwar gaisuwar Nomau ba ta taɓa tsayar da shi ba. In sun haɗu a hanyar gona, Arzika ba ya katse shi kuma ba ya tsayawa. Yana tafiya yana amsawa, lafiya lau, madalla, sai godiya, har murya ta yi nisa, a ƙare da a gai da gida daga can bayan wata bishiyar kuka. Nomau ya sha zaginsa a kan wannan hali.

Ya ɗaga kai ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ina neman izini in gabatar da tsarabata tun yanzu, don ita ma gaisuwa ce. A garinmu akwai wadda ake kira gaisuwar tafe. Ba a rage mata ko kalma ɗaya, amma ana yinta ƙafa tana aiki. Mai gida ya taka wa baƙo, suna tafe suna gaisawa, hanya ta ƙare, gaisuwa ta cika."

Sarki ya shafa gemu ya ce, "A yi gaisuwa ana tafiya? Baki yana aiki, ƙafa tana aiki, kuma ba sa rikicewa?"

"Ba sa rikicewa, ranka ya daɗe. Wani taubashina ya ƙware a kanta."

Sarki ya yi dariya har zauren ya girgiza. Ya ce, "Tun da aka kafa birnin nan ba a kawo mana abin mamaki irin wannan ba. Ku tashi mu gwada!" Ya sauko daga kan dutsen, ya ɗauko wani ɗan gora ya rataya wa Nomau a wuya ya ce, "Wannan idon ruwa ne. Mun ji kana ta ƙwanƙwasa mana rufi kana nemansa. In ka tashi sama, ka tsiyaye shi a bayanka."

Suka fito, Sarki a gefensa, fadawa a baya. "Yaya mahaifinka?" "Ya riga mu gidan gaskiya." "Allah ya ji ƙansa. Yaya kakanka?" Suka ratsa kasuwa, tsohuwa ta bi su da guɗa. Suka wuce ƙofa, Sarkin Ƙofa ya rasa wadda zai tsaya a ciki don kowa yana kallonsa. Aljanu suna ta tuntuɓe, wani ya amsa gaisuwa ya manta ya ɗaga ƙafa, wani ya ɗaga ƙafa ya manta amsa, suna ta dariya. Jikin Nomau yana ƙara sauƙi, sama ta koma ƙiftawa, sannan ƙiftawar ta rage sauri. Kuma har yanzu akwai haske a bakin rijiyar. Ba a cike ta ba.

Da suka iso baƙin yashi an kai kan Annabi Adamu daidai. Nomau ya ja igiya sau biyu, ta ɗauka. Bai gama cewa sai wata rana ba ya ji an fizge shi sama kamar guga. Ya tsiyaye goran a ƙarƙashinsa, ya ji muryar Sarki daga nesa tana cewa, "A gai da mutanen sama!" Ya amsa da ƙarfi, "Za su ji!"

Ya fito ya tarar da rumfar kara a bakin rijiya, da bishiyar zogale da ta fi shi tsawo a inda ya bar fili. Mutanen gari sun yi layi riƙe da igiya, maza da mata. Kande ta zube ƙasa tana hamdala. Zuwaira ta rungume shi tana kuka tana dariya. A bayansa kuma ruwa yana tasowa, garai-garai, har ana jin sanyinsa a fuska.

Ya ce, "Ko azahar ba ta yi ba tun da na shiga."

Zuwaira ta ce, "Baba, damina biyu aka yi." Ta nuna masa wani gungume da aka kafa kusa da igiyar, duk an zane shi da gawayi. Ta ce, "Ran da za a cike rijiya Baba Arzika ya ce sai dai a binne su tare. Ya ce yana jin igiyar tana motsi, aka ce ruɗewa ce. Sai na ɗaura mata zare ina duba inda yake kowace safiya. Tana sauka kaɗan-kaɗan, ta yi makonni, sannan ta dawo. Na ce wa Mai Gari wannan ja ɗaya ne, Baba yana cewa lafiya yake, lokacinsa ne ke jan ƙafa. Da ja biyu ya iso, gari duka aka kama igiya ana ja. Farko ko taƙi ɗaya na igiyar ba ma iya jawowa a wuni."

Nomau ya ce, "Ashe gaskiyarki, 'yar nan. Kuma na ga hasken tauraron da ya mutu, a cikin tulu. Zan ba ki labari, akwai tambayoyi da na tara miki." Ya juya ga liman ya ce, "Allah gafarta Malam, sallar damina biyu ake bina, ko azahar ɗin yau kaɗai?" Liman ya ce sai ya duba littattafai.

Duk wannan Arzika bai motsa daga wurinsa ba. Yana zaune a cikin rumfar, igiya tana ɗaure a ƙugunsa. A nan ya ci, a nan ya yi salla, a nan ruwan damina biyu ya same shi, maƙwabta suka yi masa gayyar gona. Gemunsa da Nomau ya bari baƙi ya yi furfura, tafin hannunsa ya yi kanta. Ya kwance igiyar a hankali ya ce, "Na san abin da ya tsare ka. Gaisuwa ka tsaya yi."

Nomau ya ce, "Gaisuwa na tsaya yi."

"To ai shi ke nan. Ni dai na ci tuwon damina biyu da ba ka ci ba. Ko har yanzu akwai gardama?"

Mutane suka yi dariya suna jiran amsar da Nomau ya saba bayarwa. Shi kuwa hannuwan nan yake kallo, idanunsa sun cika da ƙwalla. Ya cire hularsa mai faci, ya tsuguna a gaban Arzika har ƙasa, ya ce, "Yaya, ina wuni? Ina gajiya?"

Arzika ya kau da kai ya share ido da bakin riga. Ya ce, "Babu gajiya." Kuma ran nan bai tashi ya tafi ba, ya zauna ya amsa gaisuwar tun daga farkonta har ƙarshenta, mata suna ta ɗiban ruwa a gefensu.